Siririya da Tiyatar BBL: Ina Za a Samo Kitsen?

Idan mace ta je wurin ƙwararren likitan gyaran jiki tana neman a ƙara mata mazaunai, ba mazaunan yake fara dubawa ba. Tsayar da ita yake yi, ya sa babban yatsa da manuni ya damƙo fatar cikinta, ƙasa da cibiya kaɗan, ya ɗan ja. Daga nan ya koma kwiɓi, ya zagaya gadon baya inda igiyar rigar mama take kwantawa, ya sauko cinyoyi ta ciki, wani lokaci har damatsa da gefen gwiwa. Kaurin abin da ya taru tsakanin yatsun nan biyu yake aunawa. In ya cika hannu, akwai magana. In kuwa yatsun suka kusa haɗuwa, fata ce zalla a tsakani, to hirar ta canza ke nan, ko da hoton wace tauraruwa aka zo da shi a waya.

Dalilin a fili yake. Aikin nan da ake kira BBL, wato Brazilian Butt Lift, ba wani abu ake sayowa a cusa a jiki ba. Kitsen mutum ake zuƙowa daga inda ya yi yawa, a tace shi, a mayar da shi inda ake so ya cika. Ba a aron na wani. Ko da yayarki ce uwa ɗaya uba ɗaya ta ce a ɗebi nata, garkuwar jikinki za ta ɗauke shi baƙo ta far masa. Don haka mai jiki tana zuwa asibiti da kayan aikinta a jikinta. Siririya kuwa, wadda sau da yawa ita ce ta fi matsuwa da son cikar, ita ce ba ta da abin da za a cika da shi.

Amma kasuwa ba ta son mayar da mai kuɗi gida hannu rabbana. A 'yan shekarun nan asibitocin gyaran jiki a Miami da Istanbul da Legas sun cika Instagram da TikTok da tallar abin da suke kira BBL na sirara: hoton yarinya kafin aiki, shafal, hotonta bayan aiki, ƙugu ya tsuke, baya ya taso. Aikin gaskiya ne, ana yin sa, kuma a hannun gwani yakan yi kyau. Abin da tallar ba ta faɗa shi ne iyakarsa, da kuma abin da yake faruwa idan aka nemi tsallake iyakar.

Daga damtse zuwa ƙasan ido

Dashen kitse ya girmi kowa da ke raye yau. A 1893 wani likitan Jamus, Gustav Neuber, ya yanko kitse daga damtsen wani majinyaci ya cike masa wani ramin tabo kusa da ido. Tun a lokacin ya lura da abin da har yau shi ne ginshiƙin sana'ar: ƙananan gutsattsari suna kamawa, manya suna lalacewa. Sai wajen ƙarshen shekarun 1970 Yves-Gérard Illouz na Faransa ya inganta zuƙe kitse da siririn bututun ƙarfe marar kaifi. A 1987 Jeffrey Klein na Amurka ya fito da dabarar fara cika wurin da ruwan gishiri mai haɗe da maganin kashe zafi da na tsuke jijiyoyi, don rage zubar jini. A shekarun 1990 kuma Sydney Coleman na New York ya nuna yadda ake tace kitsen a zuba shi sili-sili. Sunan Brazil da ya liƙe wa aikin, daga shaharar likitocin ƙasar ne a gyaran jiki, musamman Ivo Pitanguy, wanda ya rasu a 2016, duk da cewa aikin mazaunan da shi ya yi suna da shi a shekarun 1960 yanke fatar da ta saki ne, ba ɗura kitse ba.

Me ya sa manyan gutsattsari suke lalacewa? Kitse rayayyen nama ne. Da zarar an zuƙo shi an raba shi da jijiyoyin da suke kai masa jini. A sabon wurin, kwanakin farko, da ɗan abin da yake tsotsa daga naman da ke kewaye da shi yake rayuwa, kafin sababbin ƙananan jijiyoyi su ratso shi. Wannan tsotson ba ya wuce zurfin milimita ɗaya zuwa biyu. Duk ƙwayar kitsen da ta fi haka nisa da rayayyen nama, mutuwa take yi. Shi ya sa gwani ba ya tsayar da bututu wuri guda ya matsa. Tura shi yake yi yana janyowa, yana barin siririn layin kitse a kowace janyowa, sau ɗaruruwa, ta fuskoki daban-daban. Duk da haka ba duka yake kamawa ba. Abin da likitoci suka saba gaya wa majinyata shi ne kashi 60 zuwa 80 cikin 100 ne yake zama, saura jiki ya shanye, kuma sai bayan wata uku zuwa shida ake sanin abin da ya tabbata.

Lissafin da ba a sa shi a talla

Mu ɗauki misalin mace mai tsayin mita 1.65 da nauyin kilo 52. In aka raba nauyinta da tsayinta sau tsayinta, ma'aunin BMI ɗinta ya kama 19 da 'yan kai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 18.5 zuwa 24.9 a matsayin daidai, ƙasa da 18.5 kuwa rama. Wato lafiyarta ƙalau, siririya ce kawai. Za ta iya samun kilo goma ko sha ɗaya na kitse a jikinta gaba ɗaya, sai mai karatu ya ce ai ya isa har ya yi saura. Ina! Wani yana ƙirji, wani yana fuska, wani yana cikin ɓargo, wani yana naɗe da hanji da ƙoda inda bututu ba ya zuwa, wani kuma yana mazaunan da ake son ƙarawa. A wuraren da ake iya zuƙa ma dole a bar shimfiɗa a ƙarƙashin fata, in ba haka ba fatar ta manne da tsoka.

A ce likita ya bi ciki da kwiɓi da baya da cinyoyi ya tara lita ɗaya da rabi a tulun na'ura. Abin da ke cikin tulun nan ba kitse ba ne zalla. In aka bar shi ya kwanta za a ga ya rabu uku: mai yana yawo a sama, wato ƙwayoyin da suka fashe; kitse rawaya a tsakiya; ruwa jaja-jaja a ƙasa, cakuɗen ruwan da aka ɗura da jini. Na tsakiyan kaɗai ake so. Bayan tacewa, watakila a tashi da mililita 800. A raba biyu, kowane ɓangare ya sami 400. Jiki ya shanye kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da zai rage bayan wata shida bai fi mililita 250 zuwa 280 a kowane ɓangare ba, wato rabin ledar fiya-wata da ɗan ɗori, a baje a faɗin mazauni guda. Wannan misali ne, jiki da jiki ya bambanta, amma yawanci lissafin sirara bai nisa da haka. Surar da ake gani a bidiyon mawaƙan Amurka kuwa, sau da yawa lita guda ce ko fiye a kowane ɓangare, wani lokaci ma aiki biyu ko uku aka yi a jere.

To me ya sa hotunan tallar suke nuna canji sosai? Domin rabin abin da ido yake gani ba ƙari ba ne, ragi ne. In aka zuƙe kwiɓi da ƙasan baya, ƙugu ya tsuke, sai mazaunai su fito ko da ba a ƙara musu komai ba. Ido ba girma yake aunawa ba, bambancin da ke tsakanin tsakiyar jiki da ƙasansa yake aunawa. A ƙaramin jiki kuma ɗan abu kaɗan yana nunawa. Wannan shi ne ainihin ribar siririya a aikin: 'yar cika a sama, ɗan cike lotsawar nan ta gefen ƙugu, layin jiki ya yi santsi. Wadda abin da take nema ke nan tana iya fita da murna. (Rabin da ya saura na hoton kuma, a bar wa iya tsayuwa, da lanƙwasa baya, da kumburin makon farko da bai saɓe ba tukuna.)

Ita ma lotsawar gefen ƙugun, da 'yan mata da yawa suke ɗauka aibi ce, ginin ƙashi ne: tazara ce tsakanin saman ƙashin ƙugu da kan ƙashin cinya. Fatar wurin a ɗaure take, kuma yana cikin wuraren da kitse ya fi ƙin kamawa. Faɗin ƙashin ƙugu kuwa ba likitan da yake canza shi.

Wurin zubawa ma yana da iyaka

Yawancin masu tambaya suna tsayawa ne a kan ko kitsen zai isa. Tambaya ta biyu ta fi wannan nauyi, domin ita ce ta shafi rai: ina za a zuba shi?

Mazauni hawa-hawa ne. Fata a sama, kitse a ƙarƙashinta, sai wata tattaurar yana da ta lulluɓe tsoka, sai babbar tsokar kanta, wadda ta fi kowace tsoka girma a jikin ɗan Adam. A cikin tsokar da ƙarƙashinta akwai manyan jijiyoyin da suke mayar da jini zuwa zuciya, masu faɗi, masu siririn bango. In bakin bututu ya yaga ɗaya daga cikinsu, ko kitsen da aka tura da ƙarfi ya ja ta ta tsage, kitse yana shiga jini, ya bi ta zuciya ya toshe hanyoyin huhu. Mutum yakan mutu a kan gadon tiyata ko cikin 'yan sa'o'i, kuma da wuya a ceto shi ko a babban asibiti.

A 2017 wani kwamitin likitocin gyaran jiki a Amurka ya fitar da rahoton da ya girgiza sana'ar: ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 3,000 da aka yi wa aikin yana mutuwa, adadin da ya zarce na kowace tiyatar kwalliya. Binciken gawarwaki ya nuna abu guda a kai a kai, wato kitse a cikin tsoka ko ƙarƙashinta. A 2018 manyan ƙungiyoyin likitocin suka haɗu suka ce daga yau a tsaya a tsakanin fata da tsoka, kada a taɓa tsokar. A shekarar ce ƙungiyar likitocin kwalliya ta Birtaniya, BAAPS, ta shawarci mambobinta su dakatar da aikin ɗungurungum, bayan mutuwar wata 'yar ƙasar mai shekara 29 a birnin Izmir na Turkiyya. Ba su dawo da shi ba sai 2022, bisa sharaɗin a zuba a sama kawai, ana kallo da na'urar sikanin. Jihar Florida ta haramta zubawa cikin tsoka a 2019, ta wajabta sikanin a 2022. Wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna mace-macen sun sauko zuwa kimanin 1 cikin 15,000, kodayake likitoci ne aka tambaya suka ba da amsa da bakinsu, kuma ba kowa ne yake son ƙirga gawarsa ba. Ƙididdigar da aka yi daga ɗakunan ajiye gawa a kudancin Florida ta sami mutum 25 tsakanin 2010 da 2022, kusan dukkansu daga asibitocin araha masu aiki kamar injin niƙa, kuma fiye da rabinsu bayan an kafa dokar hana taɓa tsoka.

Ga inda abin ya shafi siririya kai tsaye. Wurin da aka yarda a zuba, wato shimfiɗar kitsen da ke tsakanin fata da tsoka, a mai jiki yana iya kai santimita huɗu ko biyar. A siririya wani lokaci bai wuce ɗaya ko biyu ba. A cikin wannan ɗan tsukin ne likita zai riƙa kai da komo da bututu mai tsayin kusan kamu guda, in babu sikanin kuma da jin hannu kawai yake tafiya. Kuskuren santimita guda ya isa. Sannan fatar siririya, musamman budurwar da ba ta taɓa ƙiba ko haihuwa ba, a ɗame take, ba ta da sakin da za ta karɓi kaya da yawa. In aka matsa aka cusa fiye da kima, matsin ya hana jini shiga, kitsen ya mutu a ciki, ya zama ƙulli mai tauri, ko ƙunshin mai, ko ya ruɓe ya zama ƙurji. Saboda haka likitan da ya yi wa siririya alkawarin surar da ta fi ƙarfin fatarta, hanya biyu ce ta rage masa: ko ya cika saman har ya lalace, ko ya gangara cikin tsoka inda akwai fili. Ni a ganina, alkawarin kansa shi ne babbar alamar haɗari, ya fi ƙazantar ɗakin tiyata saurin ganewa.

Wajen zuƙar ma akwai nata. Likitan da yake farautar kowane ɗigon kitse a jikin da ba shi da shi yakan kankare wuri fiye da kima, ciki ya fito da kwari da tudu, fata ta yi tauri ko ta yi duhu, abin da gyaransa ya fi aikin farko wuya. Ga kuma bangon ciki da yake kusa. 'Yan Najeriya ba su manta da Stella Obasanjo ba, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, wadda ta rasu a Oktoban 2005 bayan an zuƙe mata kitse a wani asibiti a yankin Marbella na Sifaniya. Bututun ya ratsa cikin cikinta ya huda hanji ya yanki hanta, kuma a 2009 kotu ta yanke wa likitan ɗaurin shekara guda saboda sakaci. Ba aikin mazaunai ba ne, amma rabin farko na BBL wannan zuƙar ce, da wannan bututun.

"Je ki ƙara kilo biyar ki dawo"

Wannan ita ce shawarar da sirara suka fi ji, kuma likitoci sun rabu a kanta. Waɗanda suke ƙin ta suna da hujja mai ƙarfi. A 2008 masu bincike a cibiyar Karolinska ta Suwidin suka nuna cewa yawan ƙwayoyin kitse a jikin mutum yana tsayawa ne tun daga ƙuruciya da tashen balaga. Bayan nan, galibin ƙiba da rama kumburar ƙwayoyin ce da motsewarsu. Wato wadda ta yi wata uku tana ɗura wa kanta madara da fura da soyayyen abu, kumbura ƙwayoyinta ta yi. An zuƙe su a kumbure, an dasa su a kumbure. Ranar da ta koma cin abincinta na da, jiki ya koma nauyin da ya saba, su ma sai su motse a sabon wurinsu. Ta biya kuɗi, ta sha wuya, sura ta zube cikin shekara guda. In kuwa za ta riƙe ƙibar don ta riƙe surar, to ta ɗauki aikin da ba ranar gamawa. Kuma ba ita take zaɓar inda sabuwar ƙibar za ta sauka ba. Wasu a fuska take fara fita, wasu a cikin ciki kewaye da hanji, inda ba ta da amfani ga likita, tana da illa ga mai ita.

A ƙasar Hausa wannan shawarar tana faɗowa ne a kan wata tsohuwar kasuwa. Tun kafin a ji sunan BBL akwai sha-ka-fashe a kemis da tiren 'yan talla, akwai masu kayan mata da suke rantsuwa da garin ƙarin ƙugu da man shafawa, "Hajiyata, sati biyu kawai ki gani," akwai kuma acuci-maza ga wadda ba ta son shan komai, wanda in za a faɗi gaskiya shi kaɗai ne a cikinsu ba ya kai mutum asibiti. Ƙwayoyin sha-ka-fashe galibi iri biyu ne. Akwai cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura mai buɗe ciki, wanda shi ne a cikin ruwan Apetamin da hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023. Yana sa barci mai nauyi da jiri, yana iya taɓa hanta. Akwai kuma dexamethasone, wanda ya fi muni. Shi yana tara kitse ne a fuska da ƙeya da tumbi, yana kuma zaizaye tsokar cinyoyi da ta mazaunai, wato daidai wurin da ake son ya cika. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan, a zahiri ba a karin magana ba. Yana ta da sukari da hawan jini, yana sa fata ta yi laushi ta tsattsage, yana raunana garkuwar jiki, yana hana rauni warkewa. Wadda ta daɗe tana shan sa, jikinta yakan daina sarrafa nasa sinadarin na jure wahala, ta yadda in aka kwantar da ita tiyata ba tare da likitan barci ya sani ba, jininta yana iya faɗuwa warwas. Kuma da wuya ta faɗa, don kunya. Dainawa farat ɗaya ma haɗari ne; a hankali ake janye shi, a hannun likita.

Kafin duk wannan, akwai tambayar da likitan kirki yake fara yi: me ya sa take siririya? In gado ne, uwa haka, kaka haka, nauyinta bai motsa ba shekara da shekaru, shi ke nan. In kuwa ramar sabuwa ce, sai an nemi dalili: ciwon sukari, maƙoƙo mai saurin ƙona jiki, tarin fuka, cuta mai karya garkuwar jiki, gyambon ciki, ko ƙin cin abinci da ya zama ciwo. A Najeriya dole a ƙara da sikila, domin ƙasar ce ta fi kowace yawan masu ita a duniya, ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara. Masu SS da yawa sirara ne, kuma duk abin da wannan tiyata ta ƙunsa, sanyin ɗaki, zubar jini, ƙarancin ruwa a jiki, sa'o'i a ƙarƙashin maganin barci, shi ne abin da yake ta da ciwon. Ƙarancin jini ma, wanda ya zama ruwan dare ga matanmu, yana hana aikin. Likitoci da yawa ba sa taɓa wadda ma'aunin jininta bai kai 12 ba. Mai shan sigari ko shisha sai ta daina makonni kafin aiki da bayansa, don nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin da dashen yake jira. Mai fatar da take yin tabo mai tudu, irin wanda yake fitowa bayan hujin kunne, ta san cewa kowace ƙofar bututu tana iya zama haka. Akwai kuma wadda matsalarta ba a jiki take ba, a madubi take: duk abin da aka yi mata ba za ta ga ya yi ba. Ita wuƙa ba ta yi mata magani.

In kitse bai isa ba fa?

Hanyar da likitoci suka sani ita ce robar silikon da ake sakawa a cikin tsoka ta wata tsaga a tsakanin mazaunai. Tana ba da tudun da kitsen siririya ba zai bayar ba, wasu kuma sukan haɗa ta da ɗan kitse don a rufe gefunanta. Sai dai wurin tsagar wuri ne mai gumi, kusa da dubura, ga shi a kansa ake zama. Wani nazari na 2016 da ya tattara rahotannin likitoci ya sami matsala a kusan 1 cikin 5 na masu roba, buɗewar ɗinki da taruwar ruwa da shigar ƙwayoyin cuta, idan aka gwada da kusan 1 cikin 10 na masu kitse. A siririya kuma, da yake ba abin da zai lulluɓe ta, gefen robar yakan nuna ko a ji shi da hannu. Akwai allurai irin su Sculptra da suke sa jiki ya ƙara kauri kaɗan. Tsada gare su, canjin ɗan kaɗan ne, kuma bayan kamar shekara biyu sai an sake.

Daga nan sai ramin da ya fi cin sirara, domin su ne ake gaya wa "ke ba ki da kitse, amma akwai allura." Ruwan silikon, da wasu sinadaran roba da ake ɗurawa a ɗakin otal ko bayan shagon gyaran gashi. FDA ta yi gargaɗi a kan allurar silikon don ƙarin jiki tun 2017. Abin ba ya fita, yana yawo a nama, yana iya bin jini zuwa huhu a ranar, ko ya jira shekaru ya fara ruɓar da wurin. Solange Magnano, sarauniyar kyau ta Ajantina ta 1994, ta mutu a 2009 bayan allurar mazaunai. 'Yar ƙasarsu Silvina Luna, tauraruwar talabijin, ta yi shekaru tana fama da ciwon ƙoda bayan an ɗura mata irin wannan sinadari, ta rasu a 2023 tana da shekara 43. A Satumban 2024 wata uwa mai 'ya'ya biyar ta mutu a Ingila bayan abin da ake tallatawa da sunan BBL na ruwa. Motsa jiki da ɗaga nauyi, tsugunne-tashi da makamantansu, tare da cin abinci mai gina jiki, suna ƙara tsokar da gaske, sai dai a watanni ake gani, kuma ba sa cike lotsawar gefe.

A gida Najeriya aikin ya fi yawa a Legas da Abuja, wasu kuma suna tafiya Turkiyya ko Masar. Takardar zama likita daban, ƙwarewa a tiyatar gyaran jiki daban. Ta biyun shekaru ake yi ana koyonta bayan ta farkon, kuma masu ita suna da ƙungiyarsu, NAPRAS. A 2020 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta rufe wani asibitin kwalliya a Lekki bayan koke-koken waɗanda aka yi wa aiki. Duk mai niyya tana da haƙƙin ta tambayi likita ƙwarewarsa, da inda zai zuba kitsen, da ko zai yi amfani da sikanin, da mutum nawa yake yi wa aiki a rana, da wanda zai ba da maganin barci, da asibitin da za a garzaya in abu ya ɓaci. Wanda ya ji haushin tambayoyin ya riga ya ba da amsa. Ga musulma kuma akwai tambayar da ta riga waɗannan: Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta tiyatar gyara lahani, na haihuwa ko na haɗari ko na ciwo, ta kuma hana wadda ake yi wa lafiyayyen jiki don ƙarin kyau kawai ko kwaikwayon wasu.

Jinyar kanta ba ƙaramin abu ba ce. Makonni biyun farko ba a zama a kan wurin, a kife ake kwana. Bayan nan har zuwa mako shida ko takwas da matashi a ƙarƙashin cinyoyi ake zama. A lissafa zaman mota a kan titunanmu, da zaman tahiya, da sa'o'in jirgi ga wadda ta yi a waje, wanda shi kansa yana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Ga matsattsiyar rigar roba da ake sawa dare da rana, a zafin Afrilu. Kuma a daidai wannan lokaci ba a so ta rame ko kaɗan, alhali ciwo da magunguna sun kashe mata sha'awar abinci, ita da dama ba mai ci ba ce.

Abu na ƙarshe da ya kamata siririya ta sani kafin ta sa hannu a takarda shi ne ba ta da zagaye na biyu. Kitse ba ya kamawa daidai a ɓangarorin biyu kullum. Wani lokaci dama ta fi hagu, ko wani wuri ya lotsa. Mai jiki in haka ta faru, bayan wata shida ko shekara ana iya komawa cinyarta ko damtsenta a ɗebo a gyara. Ita kuwa an riga an bi duk inda ake bi tun a karon farko. Wuraren da aka zuƙa sun yi tabo a ciki, sun yi tauri, ɗan abin da ya rage a cikinsu in an sake zuƙowa rabinsa jini ne da zare-zare, kuma bai cika kamawa ba. Shi ya sa wasu likitocin suke barin wani wuri da gangan, kamar cinyoyi ta ciki, ba su taɓa shi a aikin farko, ko da hakan zai rage yawan abin da za su zuba a ranar.